Rabon da An-Gama Ya Yi

Akwai wani hali da mutane ke ɗauka kirki ne, alhali kuwa cuta ce: mutum ya kasa buɗe baki ya ce "babu". Marowaci ma ya fi shi, domin marowaci yakan sallame ka da wuri ka je ka nemi wata ƙofa. Amma wanda zai ce maka akwai, yana sane babu, don kawai ya ga haƙoranka a waje, wannan ya cuce ka ya cuci kansa. Ga labarin wani mai irin wannan hali, da abin da halin ya ci masa.

A wani kamfani na masu auna filaye da zana taswira akwai ma'aikacin da ke kula da na'urorin ajiyar bayanan kwamfuta. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, kowa An-Gama yake kiransa, saboda kafin ka rufe baki a kan buƙatarka ya riga ya ce, "An gama!" Ba malalaci ba ne, ba kuma jahili ba, aikinsa ya san shi ciki da waje. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa, wato fuskar mutum a lokacin da aka ce masa to. Idan bai ga wannan fuska ba a yini, abinci ma ba ya yi masa daɗi.

Ofishinsa yana can ƙarshen baranda, bayan wurin dafa shayi. Ɗakin sanyi ake ce masa, domin na'urar sanyaya iska ba ta hutawa a ciki. Kujera ɗaya ce a ɗakin, mai juyawa, makulli kuma ɗaya, yana rataye a wuyansa. Duk kamfanin babu wanda ke sa rigar sanyi da tsakar rana sai shi, kuma yana jin daɗin a gan shi da ita.

Sai kamfani ya sayi sabuwar na'urar ajiya. Injuna uku ne a jere cikin kabad na ƙarfe, kowanne cike da faya-fayai, an haɗa su da wayoyi suna aiki kamar abu guda. Ranar da aka kunna ta ma'aikata suka cika ƙofar ɗakin suna leƙe. Manaja ya shafa kabad ɗin kamar mai taya saniya, ya ce, "To, An-Gama, nawa za ta ɗauka?"

"Tera ɗari uku, ranka ya daɗe!"

Aka yi tafi. Rabin masu tafin ba su san mene ne tera ba, amma sun san ɗari uku ba kaɗan ba ce.

To, ɗari ukun nan jimillar faya-fayan ce kawai. Amfanin haɗa injuna uku shi ne duk abin da aka ajiye a ajiye shi sau uku, kwafi ɗaya a kowane inji, ta yadda ko ɗaya ya mutu biyu na nan. Saboda haka ainihin wurin ɗari ne, ba ƙari. An-Gama ya fi kowa sanin haka. Har ya buɗe baki zai gyara maganarsa, sai ya ga Manaja yana murmushi, tafi kuma bai gama mutuwa ba. Ya mayar da bakinsa ya rufe.

Washegari ya zauna yankan wuri. Sabuwar na'ura irin wannan fili ce fetal, sai an yi wa kowane sashe nasa ɗakin, abin da masu aikin ke kira tsarin fayil. A ba shi suna, a rubuta iyakar girmansa, a faɗi kwafi nawa za a riƙa yi, a faɗi wa ke da izinin shiga. Shirin da ya yi a ransa mai hankali ne: sittin ga masu taswira, goma ga ofishin lissafi, goma ga Manaja, a bar ashirin saboda gobe. Sai dai na'urar tana da wata kafa. Ba ta ƙirga alkawari, abin da aka zuba mata kawai take ƙirgawa. Ko dubu ka rubuta wa mutum ba za ta yi maka gardama ba, iyaka ta tambaye ka sau ɗaya, da ƙananan baƙaƙe, ko ka tabbata.

Bai kai ga rubuta komai ba aka turo ƙofa babu ƙwanƙwasawa. Shugaban masu taswira ne, wanda kuma yayan matarsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya ma samar masa aikin. Ƙato ne, rana ta gasa shi, takalmansa kullum da laka.

"Kai, mijin ƙanwata, mutane suna can suna soyuwa kai kana nan kamar kifi a firij. Nawa ka rubuta mana?"

"Yaya, ina tunanin sittin."

"Sittin? Cikin ɗari uku? Mu da muke ciyar da kamfanin nan? Hoton da ɗan jirginmu ke ɗaukowa daga sama a tashi ɗaya ya fi duk takardun ofishin nan nauyi. Haka za ka yi min? To, zan gaya wa ƙanwata ta san wa take aure."

"Haba Yaya, wasa nake. Tamanin fa?"

"Yanzu ka yi magana."

"An gama!"

Yaya bai daɗe da fita ba sai ga shugabar ofishin lissafi, wata dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci, wadda ake kira Uwar Lissafi. Duk fayilolin ofishinta za su shige cikin ɗan abin ajiyar da ake rataya wa makulli, har wuri ya rage. Ba ta zauna ba, ba ta kuma cire hannu daga ƙugu ba.

"Na ji an ba masu laka tamanin."

"Ranki ya daɗe, su ai hotuna suke ajiyewa, ku kuwa..."

"Mu kuwa me? Faɗi mana, ɗan nan. Na riga ubangidanka zuwa kamfanin nan. Ba na son komai, illa kada a ce ofishina yana ƙasa da na mutanen da ba su iya goge ƙafa ba."

An-Gama ya dubi fuskarta, ya ga babu alamar haƙori. Ransa ya ƙuntata. Ya ce, "Ɗari ta yi?"

Sai ga haƙora sun bayyana. "Allah ya yi maka albarka. Dama na ce kai kaɗai ne mai tarbiyya a benen nan."

"An gama, ranki ya daɗe."

Manaja shi bai ma zo ba, waya ya bugo. "An-Gama, na ji ana rabo. Ba sai na faɗa maka ba, babba babba ne. Abin da ya rage nawa ne?"

Abin da ya rage a gaskiya shi ne bashin tamanin. Amma An-Gama ya ce, "Ɗari da ashirin, yallaɓai."

"Madalla. Rubuta min."

Ya rubuta. Na'ura ta tambaye shi ko ya tabbata, ya danna mata e. Ya lallashi kansa da cewa Uwar Lissafi ba za ta cika ko tera ɗaya ba har ta bar aiki, Manaja kuwa wasiƙu kawai yake ajiyewa. Wa zai taɓa ganewa?

Watanni suka shuɗe lafiya lau. A wurin shayi har tashi ake yi a ba shi kofi. Sai dai hotunan Yaya ba sa tsayawa, kullum ɗan jirgi ya tashi ya dawo da kaya, kowane hoto kuma sau uku yake kwanciya. Wata safiya An-Gama ya buɗe ɗakin sanyi ya tarar da jar fitila tana ƙyaftawa, na'ura tana wani ɗan kuka kamar ɗan tsako. Wuri ya kusa cika.

Abin da ya kamata shi ne ya hau bene ya ce wa Manaja, "Na yi kuskure, ɗari ce." Ya ma tashi, ya kai har wurin shayi, ya ji ana yabonsa, ya sha shayi ya dawo. Ya kashe kukan. Fitilar kuwa ya manna mata 'yar takarda.

Daga nan ya zauna yana neman wanda zai ci wa haƙƙi a ɓoye. Uwar Lissafi? Wannan idan fayil ɗinta ɗaya ya ɓata sai ta kai shi gaban hukuma. Manaja? Ba a ma fara ba. Saura Yaya. Yaya na gida ne, ko an yi faɗa a ƙarshe a kwano ɗaya za a sa hannu, kuma nasa ne ya fi cin wuri. Ya buɗe tsarin ɗakin masu taswira, inda aka rubuta kwafi uku ya mayar da shi ɗaya. Na'ura ta sake tambayarsa ko ya tabbata, wannan karon da jan rubutu. Ya ce ya tabbata. Kafin a tashi aiki wuri ya buɗe fayau, ya cire 'yar takardar ya ga fitila ta koma kore. Ya ce a ransa na ɗan lokaci ne, kafin a sayo ƙarin faya-fayai. Wanda zai nemi a sayo su kuwa shi ne, kuma da wane baki?

Da yamma ya tarar da gida a hargitse. 'Ya'yansa uku suna kokawa a tsakar gida, auta yana kuka, matarsa tana tsaye da ludayi a hannu.

"Baban yara, zo ka raba abin da ka haɗa. Wa ka ce zai zauna a gaban mota ranar Asabar?"

"Ni ya ce!" in ji babban.

"Ƙarya ne, ni ya ce, har ya ce an gama!" in ji ta tsakiya.

Auta bai iya magana sosai ba, sai ya nuna ƙirjinsa yana shessheƙa.

"Kujera ɗaya, mutum uku," in ji matar. "Ni kuma da ka ce za ka kai ni gidan Yaya a ranar, a kan rufin motar zan hau?"

"Za a san yadda za a yi."

"Kullum za a san yadda za a yi." Ta zuba masa abinci, ta zauna tana kallonsa. "Af, na manta. Yaya ya bugo, sai yabonka yake. Wai tun da ka haɗa musu abin nan ya daina tara katunan ajiyar hoto na ɗan jirgi a aljihun tebur. Da an juye hotuna sai ya goge kati ya sake amfani da shi, tunda komai sau uku kake ajiye masa. Ya ce yanzu barci yake har da minshari."

Loma ta tsaya wa An-Gama a maƙogwaro. Ya yi ta tari har sai da aka buga masa baya.

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Yaji ne."

"Ban sa yaji ba."

Ba a daɗe ba tamanin ɗin Yaya ta cika, na'ura ta ƙi karɓar ko hoto ɗaya daga wurinsa. Aka kira taro a ofishin Manaja. Yaya ya buga tebur ya ce a yanko masa daga na ofishin lissafi, tunda su ɗarinsu gizo-gizo ne kawai ke saƙa a ciki. Uwar Lissafi ta gyara tabarau ta ce duk wanda ya taɓa mata ko rabin tera zai san ta girme shi. Manaja, wanda ba ya son a waiwayo kan nasa, ya juya ya ce, "An-Gama, kai ne mai abin. Me ka gani?"

Fuska uku suna kallonsa, kuma dole ɗaya ta ɓaci. Gumi ya keto masa a cikin rigar sanyi. Can sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa wanda ba ya son a ce shi ya hana.

"Ranka ya daɗe, mu bar na'ura ta yi hukunci. A ƙarshen wata a duba. Duk wanda ba ya amfani da rabonsa, a rage masa a ba mai buƙata. Ba ni na hana ba, ba kai ka hana ba."

"Adalci ke nan," in ji Yaya.

Uwar Lissafi ta miƙe tsaye. Ta naɗe mayafinta ta fita. An-Gama ya koma ɗakin sanyi yana jin kansa mai hikima, ga shi zai karɓe alkawuran banza ba tare da ya ɓata wa kowa ba.

Bai san da wa yake yi ba. Tun ranar Uwar Lissafi ta tara ma'aikatanta ta ce, "Ɗari aka ba mu, ɗari za a tarar." Suka juye duk fayilolinsu sau goma, abin bai ko motsa ba. Suka ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, har da farar da ba a rubuta komai ba, nan ma shiru. Sai wani cikinsu ya ce ya ji bidiyo ne ke cin wuri. Aka ari babbar kyamara, aka ɗora ta a kan kabad, aka saita ta tana kallon fankar silin. Fanka tana juyawa, kyamara tana ɗauka, tun safe har a tashi. Kowane bidiyo kuma a yi masa kwafi a canja suna: fanka ta Litinin, fanka ta Litinin gyararriya, fanka ta Litinin ta ƙarshe, ta ƙarshe ta gaske.

Manaja ya ji labari, ya tuna shi ma nasa fanko ne, kuma ba zai yiwu a rage wa babba a gaban yara ba. Ya sa aka karkatar da duk kyamarorin tsaro su riƙa zubawa a ɗakinsa, har da wadda ke kallon bangon bayan gida, wadda ba ta taɓa ganin komai ba sai ƙadangare.

An-Gama yana zaune yana kallon ma'auni yana hawa kamar ruwa a kwatami. Fanka sau uku, ƙadangare sau uku. Ya lallaɓa ofishin lissafi zai roƙi a sassauta.

"Ranki ya daɗe, dama cewa na yi, wannan fankar..."

"Akwai matsala ne? Ba ɗari ka ba ni ba?"

"Ɗari ce."

"To akwai wurin ko babu?"

Kalmar tana nan a bakinsa, gajeriya, ko yaro ya iya ta. Ya ce, "Akwai."

Ya yanke shawarar idan an dawo hutun ƙarshen mako zai san yadda zai yi. Su kuwa mutanen lissafi da za su tashi suka bar kwamfutocinsu a kunne suna ta juye fanka, don wata ya kusa ƙarewa.

Da aka dawo aiki babu abin da ke motsi a kamfanin. Ba a ajiyewa, ba a gyarawa, wasiƙa ma ta ƙi fita. Na'ura ta cika maƙil, har ta kai ko sharewa aka ce ta yi sai ta tsaya tana nishi. An-Gama yana durƙushe gaban kabad yana fama, sai wani faifai a inji na biyu, wanda ya yi kwana da kwanaki yana haɗiyar fanka babu hutu, ya yi ƙara ƙas, ƙas, ya yi shiru.

A irin wannan na'ura mutuwar faifai ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, a zare shi ne a sa wani. Amma fa wannan ga mai kwafi uku ne, na Yaya kuwa ɗaya ne. Ita kuma ba ta ajiye babban fayil a dunƙule, gunduwa-gunduwa take yi masa ta watsa a faya-fayai. Saboda haka kusan kowane babban hoto na Yaya yana da gaɓa a cikin mamacin.

Da ƙyar An-Gama ya samu na'urar ta buɗe, a lokacin kuwa Yaya da Manaja da Uwar Lissafi suna tsaye a kansa. Yaya ya ture shi ya buɗe taswirar aikin da suka kwashe rani guda suna yi. Ga hanya ta taho tiryan-tiryan, sai ta faɗa cikin baƙin rami. Ga rabin gona, ga gada babu kogi. Ya buɗe wata, haka. Ya buɗe wata, haka.

"Ɗauko kwafi na biyu," in ji Yaya a hankali.

An-Gama ya dubi ƙasa.

"Na uku fa?"

Ya girgiza kai.

"Tsohuwar na'urar da muka baro fa?" in ji Manaja.

"Direbobi sun roƙa, yallaɓai, wai za su riƙa kallo a kanta. Na goge na ba su."

Uwar Lissafi ta matso ta ce a duba mata nata. Aka duba. Fanka tana nan lafiya ƙalau, tana juyawa, ko ƙwarzane babu. Ƙadangaren Manaja ma yana nan yana gyaɗa kai.

Manaja ya zauna a kujera mai juyawa, ya ce, "An-Gama, dube ni. Nawa na'urar nan take ɗauka?"

"Ɗari, ranka ya daɗe."

"Ni kuma nawa ka ba ni?"

"Ɗari da ashirin."

"Wato ka ba ni duka, ka ƙara min da abin da babu."

"Don girmanka ne, yallaɓai."

Yaya ya cire hularsa ya yi fifita da ita a cikin wannan sanyi. "Me ya sa nawa ka rage wa kwafi? Ni da na kawo ka?"

"Na ga kai na gida ne, Yaya."

"Na gida! Allah ya isa tsakanina da zumunci irin naka."

Aka ce a share fanka a samu wurin numfashi. Uwar Lissafi ta ce ba za a taɓa mata ko fiffike ɗaya ba sai an tabbatar mata ɗarinta na nan. An-Gama ya ɗago kai, ya ga fuskarta a murtuke, bakinsa ya fara buɗewa da kansa, "An ga..." Yaya ya kai tafin hannu ya toshe shi.

Ba a kori An-Gama ba, Yaya ne ya hana, ya ce korar ta yi masa sauƙi, kuma ba zai ciyar da ƙanwarsa da 'ya'ya uku a kan laifin wani ba. Cewa ya yi a ba shi aron An-Gama har sai an sake auna duk abin da ya ɓace.

Ga abin da An-Gama ya rasa. Ya rasa makullin ɗakin sanyi da kujerar da ke ciki, aka ɗauko wata mata daga waje wadda ta mayar da ofishin lissafi tera biyu a ranarta ta farko ba tare da ta ɗago kai ba. Ya rasa ƙarin girman da ake shirin yi masa, da hutunsa na shekarar. Ya rasa gaisuwar Yaya, wanda ya yi rani guda ba ya ce masa komai sai "dama", "hagu", "miƙe sandar". Ya kashe takalma ƙafa biyu a cikin ƙaya da laka yana ɗauke da sandar awo, fatar wuyansa ta saɓule sau biyu, kare ya yaga masa wando a wata gona. Nauyin jikinsa ma ya ragu har sai da aka ƙara wa bel ɗinsa huda.